Yadda ake raba wuta wa fitila, caja da hon a mashin ba tare da ka kashe batir ba

Mashin ɗin yanzu sai ka ga an loda masa kaya, fitilun LED biyu a gaba, cajar waya, hon mai ƙarar tirela, wani har da sifika, kuma duk wayoyin an murɗa su a kan batir an naɗe da salatif shikenan. Wallahi abin nan yana damuna, don ta haka wayarin ke ƙonewa, ko ka wayi gari batir ya mutu kana ta buga kik.

Kafin ka sayi komai fara yin lissafi. Batirin mashin volt 12 ne, toh ka duba wat ɗin kowane kaya ka raba da 12, abin da ya fito shi ne amp ɗin da yake ja. Fitila biyu masu wat 10 kowacce sun zama wat 20, bai kai amp 2 ba kenan, cajar USB kuma wajen amp 1. Ƙananan mashina irin su Boxer da Jincheng koyil ɗinsu, wato abin da ke samar da wuta yana cajin batir in injin na aiki, ba wata wuta mai yawa yake bayarwa ba, kuma babu irin haɗin da zai ƙara maka ita. Ka tada mashin, ka kunna kayan duka, ka ɗan murza, ka sa mitar gwada wuta a kan batir, in ka ga volt 13.5 zuwa 14.5 lafiya lau, in kuwa ya tsaya 12 da ɗan abu to batir kake ci, sai ka rage kaya.

In kaya ɗaya ne za ka iya jonawa kai tsaye a batir da fis a kan jar waya. Yana da arha amma matsalarsa ko ka kashe makulli wuta na nan, kuma yawancin cajar USB tana ɗan shan wuta ko ba a saka waya ba, mashin ya kwana biyu a ajiye sai ka ji sitata ta yi shiru.

Ni abin da nake ganin ya fi wa mai ƙaramin mashin shi ne rilay ɗaya (ɗan makunni ne da wuta ke kunna shi da kanta) da ɗan akwatin fis mai gida huɗu ko shida. Rilay mai ƙafa huɗu akwai lamba a jikin kowace ƙafa. Lamba 30 ta tafi fozitif na batir, da babban fis kamar amp 15 dab da kan batirin, kada ya wuce tsawon yatsa, don duk wayar da ke gabanin fis ba ta da mai tsaronta. Lamba 87 ta shiga akwatin fis, 85 ta tafi nagatif, 86 kuma ka jona ta da wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, kamar wadda ke shiga makunnin fitilar birki. A nan ake kuskure sosai, a wasu mashinan fitilar gaba da ta baya wutar AC suke sha daga koyil, ba irin ta batir ba, in ka ɗauko daga can rilay zai dinga karkarwa yana ƙara, so ka gwada da mita tukuna mashin a kashe makulli a kunne. Daga akwatin kowane kaya da fis ɗinsa, caja amp 3, fitilu amp 5, in ɗaya ya yi shotin shi kaɗai zai mutu. Kuma don Allah in fis ya ƙone kar ka yarda ɗan rewaya ya saka maka silin waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, fis ɗin ya ƙone ne don kar wayar ta ƙone.

Akwai akwatunan raba wuta na zamani irin su PDM60 da ba su da fis sam, kewayen lantarki ne ke yanke wutar da kansa, suna da kyau ga manyan mashina na dogon zango amma ga Boxer tsadarsu ba ta biya ba.

Babbar wayar ta zama mai kaurin 2.5mm², na kayan kuma 1mm² ko 1.5mm² sun isa. Nagatif ɗinsu ka mayar batir ko ƙusar bodi da ka kankare fentinta. Akwatin ka ɓoye shi ƙarƙashin sit ko cikin murfin gefe saboda ruwan damina, wayoyin su yi nesa da salansa da kan injin, sannan ka juya kan mashin dama da hagu har ƙarshe ka tabbata babu wadda ke miƙewa kafin ka ɗaure su.