Sabon zuwa Ayalan: kafin ka miƙa wa ɗan kamasho kuɗinka

Duk wanda ya sauka Dublin ya neme ni, tambayarsa irin ta wanda ya riga shi ce, kuskurensa ma haka. Lambar PPS ta aiki da haraji, da katin Leap na shiga bas, ba su isa a ɓata musu baki ba. Katin zama na IRP Yuro 300 ne, ka biya ka wuce. Inda ake zubar da hawaye shi ne takardu da lauya.

Ƙanina, daina zuwa mini da zancen wai matarka za ta haihu a nan, yaro ya samu fasfo, kai ma ka samu wurin zama. An rufe wannan ƙofa tun kana makarantar firamare. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lobe da Osayande, iyali biyu, na biyun 'yan Najeriya. Alƙalai bakwai suka zauna, biyar suka ce ɗa ɗan ƙasa ba ya hana a kori iyayensa. Biyu suka ƙi yarda, ɗaya daga cikinsu Mai Shari'a Catherine McGuinness.

Matar nan ta cancanci ka san ta. An haife ta a Belfast a 1934, ba ta zama barista ba sai 1977, tana da shekara 42, lokacin da wasunmu ke cewa karatu ya wuce su. Ta yi sanata, ta zama mace ta farko da aka naɗa alƙali a kotun Circuit, wadda ke ƙasa da Babbar Kotu, a 1994, ta hau Babbar Kotu a 1996, ta kai Kotun Ƙoli a 2000. Rabin aikinta a kan haƙƙin yara ya tafi, shi ya sa ban yi mamakin inda ta tsaya ba. Amma duk girmanta rinjaye ya kayar da ita, kuma a 2004 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka ƙarasa zancen. Tun 2005, yaron baƙo ba ya zama ɗan ƙasa sai uba ko uwa sun yi shekara uku cikin huɗu suna zaune bisa ƙa'ida kafin haihuwa, kuma zaman ɗalibta da na jiran mafaka ba sa shiga lissafi. To abin da alƙaliyar Kotun Ƙoli ta kasa juyawa, wani mai jaka a bakin shagon kayan Afirka ne zai juya maka?

Ni ma na faɗa, shi ya sa nake zafi. Shekarata ta biyu wani ɗan'uwa ya haɗa ni da mutumin da kowa ke kira "Barista". Na zuba masa kuɗin da na tara na wata huɗu, babu rasit. Na sauya gida, ya ce zai sanar da ma'aikatar da ke riƙe da takarduna sabon adireshina, bai yi ba. Wasiƙa ta je tsohon gida ta kwanta. Kafin ta iso hannuna wa'adi ya wuce, wayarsa kuma a kashe. Har yau in na ga ambulan mai tambarin gwamnati gabana faɗuwa yake.

Sai daga baya na gane tsarin. A gida lauya ɗaya ne, shi ne komai. A nan kashi biyu ne: solisita shi kake zuwa ofishinsa, shi ke riƙe fayil ɗinka, shi kuma ke ɗauko barista idan magana ta kai gaban alƙali a Four Courts, ginin manyan kotuna na Dublin. Wanda ya ce shi barista ne yana karɓar kuɗi a hannu cikin mota, ka kama gabanka. Sunan kowane solisita na gaske yana cikin rajistar Law Society, ƙungiyar solisitoci, a intanet. Mai neman mafaka kuma yana da Legal Aid Board, hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya, ba sai ya ci bashi ba. Yawancin hukuncin shige da fice kwana 28 kawai ake ba ka ka ƙalubalance shi a Babbar Kotu, kuma kwanakin ba sa jiran ka gama shawara da 'yan gida.

Alhamdu lillahi, mutanenmu a nan ba sa barin nasu ya kwana a titi. Akwai likitoci, akwai ma'aikatan jinya, akwai waɗanda suka sha wannan wuya kafin kai. Kunyar banza ce ke sa ku ɓoye wasiƙa sai ta ruɓe. Ranar da ta iso, ka ɗauke ta hoto, ka kira solisitanka, in ba ka da shi ka same mu bayan Juma'a a masallacin South Circular Road. Ka zo da ita har da ambulan ɗin.