Yadda Za Ka Saurari Zancen Birai a Gashaka Gumti

In ka samu zuwa dajin Gashaka Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, fita da sassafe tare da ɗan jagora, ka nemi birin nan mai farin tabo a hanci. Kunnenka ya koma kan babban namijin garken, don shi ke ɗaga murya.

Kuka biyu za ka fara rarrabewa. Akwai mai kama da "piyau", wanda ya fi yi in haɗarin na ƙasa ne, kamar damisa. Akwai "hak", gajere mai kaushi, galibi na mikiya.

Kada ka tsaya ga sautin kaɗai, malam, dubi abin da sauran suka yi. Rubuta jerin kukan yadda ya zo, sannan ka rubuta ko sun ɗaga kai sama, ko sun ƙame, ko sun tashi.

Abin da na fi so ka kama shi ne haɗin. In ya yi "piyau" kaɗan ya biyo da "hak", ba damisa ba ne, ba mikiya ba. Cewa yake a tashi a bar wurin, kuma garken kan kama hanya. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler ne suka bayyana wannan a 2006, bayan sun kunna wa biran gurnanin damisa da lasifika a wannan dajin. Sauti biyu sun haɗu sun ba da sabuwar ma'ana, yadda kalmominmu ke yi.

Amma ni ban kira shi harshe ba tukuna. Biri ba ya ba da labarin damisar jiya, ba ya yin tambaya.