Yadda za ka ƙara wa ƙaramin babur mai ƙafa huɗu na yara ƙarfi da ƙarko a Sakkwato

Da yawa cikin iyayen da suka saya wa yaransu ƙaramin babur ɗin nan mai ƙafa huɗu sukan fara ƙorafi bayan wata biyu cewa ya rage gudu. Galibi ba injin ne ya gaji ba. Ƙura da zafin garinmu ne suka cinye masa ƙarfi, kuma dawo da shi bai buƙatar kuɗi mai yawa.

Ka fara da gane injin da ke cikinsa. Akwai ƙaramin mai 49cc da ake tayarwa da igiya kamar janareta, wanda ake gauraya wa fetur da mai, yawanci kashi 25 na fetur da kashi 1 na mai. Akwai kuma 110cc ko 125cc, ɗan'uwan injin roba-roba, wanda kowane bakanikenmu na mashin ya san cikinsa. A kan wannan na biyu zan fi tsayawa.

Na farko, juye baƙin man da ya zo da shi tun ranar da ka kawo shi gida, ka zuba 20W-50 mai kyau. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato, injin kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Ka riƙa canjawa kamar kowane awa 20 na tuƙi.

Sai matatar iska, kuma a nan ne aikin yake. Soson da ke ciki idan ya toshe, injin ba ya shaƙar iska, sai ya riƙa shaƙewa yana baƙin hayaƙi. Cire shi, ka wanke da ruwa da omo, ka bar shi ya bushe sarai a inuwa, sannan ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse har ya ratsa ko'ina. Wannan danshin mai shi ke kama ƙura. Lokacin hunturu, in yaro na hawa kullum, duk mako ya kamata a yi haka. Wasu kan ba da shawarar a jefar da akwatin matatar a ɗaura buɗaɗɗiyar matata mai ƙyalli don ƙarin gudu. Ban yarda da ita ba a ƙasa irin tamu. Rairayi zai shige, ya cinye ringi da fistan kafin damina.

Ka sa ƙaramar matatar fetur tsakanin tanki da kafireta, musamman in kana sayen mai a kwalba wurin 'yan bumburutu. Filogi kuma ka sauya da NGK C7HSA na ainihi. Bayan kwana biyu ka kwance ka duba bakinsa: ruwan ƙasa lafiya ke nan, baƙi fetur ya yi yawa, fari kuma fetur ya yi kaɗan, injin na ƙonewa. Bakanike zai daidaita kafiretar.

In babur ɗin yana nutsewa cikin yashi, sa a canza sifoket na baya da wanda ya fi shi da haƙora uku ko huɗu. Gudun zai ɗan ragu, amma jan zai ƙaru sosai, kuma ga yaro wannan ya fi. Sarƙa ta kasance da ɗan sako kamar santimita 2, a goge ta kafin a sa mai.

Tayu fa, a kula da masu faci. Sun saba bugun iskar mashin, alhali waɗannan iska kaɗan suke so, adadin na rubuce a littafin da ke zuwa da babur ɗin. In aka cika su, babur zai riƙa tsalle, ya fi saurin kifewa a kwana. Ruwan toshe huda da ake zubawa ciki yana taimakawa saboda ƙaya.

Bi duk notuna ka ɗaure, na taya da na sitiyari da na birki, domin girgiza na kwance su.

Akwai ɗan sukuru kusa da totur mai taƙaita gudu. Don Allah kada ka cire shi. Ka riƙa sassauta shi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda hannun yaro ke faɗawa, ka tabbatar igiyar da ke kashe injin in an fizge ta tana aiki, hular kwano na kansa, kuma a fili yake hawa, ba kan titin mota ba.