Yadda Ake Lissafin Gaurayen Ruwan Gishiri da Aljabara

A ce kana da ruwan gishiri iri biyu, ɗaya mai ƙarfin kashi 25 cikin ɗari, ɗayan kashi 10, kana son lita 12 mai kashi 15.

1. Kira yawan mai kashi 25 da x. Ragowar, wato 12 − x, shi ne mai kashi 10.

2. Gishirin za ka lissafa, domin shi ne ba ya ƙaruwa ba ya raguwa in an gauraya. Na farko yana ɗauke da 0.25x, na biyu 0.10(12 − x), gaurayen kuma 0.15 × 12 = 1.8.

3. Rubuta 0.25x + 0.10(12 − x) = 1.8. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: sukan ninka 12 da 0.10 su manta da x. Daidai shi ne 0.25x + 1.2 − 0.10x = 1.8.

4. Saura 0.15x = 0.6, ke nan x = 4. Lita 4 na mai ƙarfi, lita 8 na ɗayan.

5. Gwada: 1.0 da 0.8 sun ba da 1.8.

In da ruwa zalla za ka surka, ƙarfinsa sifili ne. In kuwa amsa ta fito ƙasa da sifili, duba ko ƙarfin da ake nema ya fita daga tsakanin 10 da 25.