Yadda Ake Zuwa Bikin Finafinai na Cannes da Aiki a Hannu

Duk watan Mayu, garin Cannes da ke gaɓar Bahar Rum a kudancin Faransa yakan cika ya batse har kusan mako biyu. An so fara bikin a 1939, yaƙin duniya na biyu ya hana, sai a 1946 ya tabbata. Mu daga nesa jan kafet kawai muke gani da taurari suna hawa matakala. To amma furodusa ko daraktan da ke son zuwa da aiki, ya sani cewa ƙofofin shiga suna da yawa, kuma kowace da mabuɗinta.

Mataki na farko: tantance ƙofar da za ka bi

Babbar ƙofa ita ce zaɓin hukumar bikin kanta. A ciki akwai gasar da ake neman kyautar Palme d'Or, wadda aka fara bayarwa a 1955, akwai sashen Un Certain Regard da ya fi karkata ga sababbin daraktoci, akwai gasar gajerun finafinai, sai La Cinef ta ɗaliban makarantun koyon fim. A gefe kuma akwai sassa masu cin gashin kansu, da nasu masu tantancewar: Semaine de la Critique, wadda tun 1962 take ɗaukar fim na farko ko na biyu na darakta, da Quinzaine da aka kafa a 1969. Kada ka raina waɗannan na gefen. Ta Semaine de la Critique aka haska fim ɗin darakta Oumarou Ganda na Nijar a 1969.

Ɗaya ƙofar ita ce kasuwa, Marché du Film, wadda ke ci a lokaci guda da bikin tun 1959. A nan ba a zaɓen kowa. Ka biya kuɗin rajista, ka shiga. In kana da hali ka kama ɗakin kallo ka haska wa masu saye fim ɗinka. Halastacciyar hanya ce, amma a faɗi gaskiya: wanda ya yi hayar ɗaki a kasuwa ba zaɓarsa aka yi ba. Sau da yawa za ka ga fosta an rubuta "an haska a Cannes" alhali hayar ɗakin ce. Mutanen harkar sun san bambancin sarai, kuma suna riƙe sunan wanda ya yi musu wannan kwana.

Mataki na biyu: kada ka ƙona fim ɗin tun a gida

Nan ne aka fi yin asara. Sharaɗin bikin shi ne fim ya kasance sabo, an kammala shi cikin watanni 12 kafin bikin, ba a fitar da shi a wajen ƙasarsa ba, bai je wani bikin ƙasa da ƙasa ba, kuma ba a sa shi a intanet ba. Wato ranar da ka ɗora shi a YouTube don ka fara maida kuɗinka, ranar ka rufe wa kanka ƙofar gasa. Haƙurin riƙe fim watanni a aljihu, ga masu bashi suna buga waya, ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ake yanke wannan shawara tun kafin a kunna kyamara, a faɗa wa wanda ya zuba jari cewa kuɗinsa zai jima bai dawo ba.

Gajeren fim na gasa kada ya wuce minti 15, har da sunayen ma'aikatan da ke gudana a ƙarshe. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo kuma a ba wanda ya iya, ba ƙanen edita ba. Mai tantancewa ba ya jin harshenka. Abin da ya karanta shi ne fim ɗin a wurinsa, kuma in aka ɗauke ka za a bukaci fassarar Faransanci da ta Ingilishi. Haka sauti. Ana iya yafe wa hoto mai ɗan duhu, amma ƙarar janareta a bayan maganar jarumi ba ta da magani a babbar sinima.

Ana cike fom a shafin bikin, a tura fim ɗin ta intanet, yawanci kafin tsakiyar Maris, kuma kowane sashe na gefe da nasa fom ɗin da ranar rufewa. A watan Afrilu ake sanar da waɗanda aka ɗauka a taron manema labarai a Paris. Dubban finafinai ake turawa, 'yan kaɗan ake ɗauka. Sai a 2025 fim ɗin Najeriya ya fara shiga zaɓin hukumar, na Akinola Davies Jr., a Un Certain Regard. Saboda haka ka tura, amma ka shirya tafiyarka kamar ba za a ɗauke ka ba.

Mataki na uku: katin shiga

Ba a sayar wa jama'ar gari tikitin manyan ɗakunan kallo. Sai da katin wuya, kuma ana nemansa watanni kafin Mayu. Ɗan harkar fim zai nuna shaidar aikin da ya yi a 'yan shekarun nan, ɗan jarida ya kawo wasiƙar editansa da samfurin rubutunsa. Matasa 'yan shekara 18 zuwa 28 suna da shirin kwana uku da aka buɗe musu a 2018, inda wasiƙar da ke nuna son fim take zama hujja. Katin kasuwa ya fi tsada, ɗaruruwan yuro ne, amma wanda ya yi rajista da wuri yana samun ragi, kuma da shi ake shiga Cinando, rumbun da ke ɗauke da sunaye da adireshin kamfanonin da za su halarta.

Mataki na huɗu: biza da masauki

Bizar Schengen ake nema, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ciki har da Faransa. Kuɗinta yuro 90, ana bukatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun watanni shida kafin tafiya. Da zarar takardar katin shigarka ta iso, nemi ranar ganawa. Jirgi a Nice yake sauka. Otal a tsakiyar Cannes a wannan lokaci tsadarsa ta wuce misali, don haka mutane da yawa sukan haɗa kuɗi su kama gida, ko su sauka a La Bocca, Antibes ko Juan-les-Pins su riƙa shigowa a jirgin ƙasa. In ka zaɓi haka, riƙe lokacin jirgin ƙarshe a ka, domin tasi da tsakar dare zai cinye kuɗin abincinka.

Mataki na biyar: cika jadawali kafin ka tashi

Wanda ya isa Cannes sannan ya fara neman wanda zai gani ya makara. Dillalan da ke sayar da fim ƙasa-ƙasa, da masu zaɓa wa wasu bukukuwa, sun cika littafinsu tun Afrilu. Rubuta musu gajeren saƙo: wane ne kai, labarin fim ɗin a layi biyu, mahaɗin tirela, da abin da kake nema. Bincika irin finafinan da kamfani yake saye kafin ka dame shi. Ganawa ba ta cika wuce rabin awa ba, wani lokaci a rumfa cikin Palais des Festivals, babban ginin bikin, wani lokaci a falon gidan haya a titin Croisette, na gaba da kai yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo. Ka iya bayanin fim ɗinka cikin minti biyu, ka san kasafinsa, nawa ka samu, nawa ya rage, da wanda ke riƙe da haƙƙin mallaka. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta taɓa wucewa ba a yi ta ba.

Leƙa rumfunan ƙasashe da ke jere a bakin ruwa, nan ake tarukan asusun tallafi da haɗin gwiwa. Mai labarin da bai kai ga kunna kyamara ba ya duba La Fabrique Cinéma, shirin da cibiyar al'adun Faransa take gayyato matasan daraktoci daga Afirka da sauran ƙasashe masu tasowa.

Mataki na shida: kallo

Kati kaɗai ba ya ba ka kujera. Ta intanet ake kama tikiti, da ƙarfe bakwai na safe, 'yan kwanaki kafin a haska fim, kuma na manyan finafinai kan ƙare kafin shayinka ya huce. In ka kama ba za ka je ba, ka soke, don ana hukunta mai barin kujera wayam. Haskawar dare a ɗakin Lumière, mai kujeru kusan 2,300, sai da kwat mai duhun launi da laktaye, mata kuma da shigar biki. Ɗaukar hoton kai a kan jan kafet an hana tun 2018. A bakin ƙofa za ka ga mutane sun sha kwat tun la'asar, riƙe da kwali, suna roƙon wanda ke da rarar tikiti. Ba sai ka shiga sahunsu ba: ana maimaita finafinan gasa washegari da rana, babu dokar sutura. Da dare kuma akwai allon bakin teku, kyauta ga kowa.

Duk wanda ya ce maka "turo min", ka tura masa cikin makon da ka dawo, ka ambaci inda kuka haɗu da abin da kuka tattauna, kafin katin adireshinka ya nutse cikin ɗaruruwan da ya kwaso.