Yadda ake auna maganar ƴan sanda idan sun ambaci mai kisa bayan shekaru

A fadar shayinmu a Yamai, da zarar wani ya ce "ai ƴan sanda sun faɗi wanda ya yi", sai kowa ya yi shiru. Ni ba na saurin yarda, don sunan mutum ake ɗora wa jini. Ga yadda nake bi.

Da farko, bincika ko jami'in yana bakin aiki lokacin da abin ya faru. Matan da aka kashe a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, har yau ba a tabbatar da wanda ya kashe su ba. A 1894 wani babban ɗan sanda, Melville Macnaghten, ya rubuta sunayen mutum uku da yake zargi, alhali shi sai 1889 ya shiga aikin. Ya ce ɗayansu, Druitt, likita ne. Ashe lauya ne, malamin makaranta kuma. Wani, Ostrog, daga baya aka gano yana kurkuku a Faransa a lokacin. Duk da haka, sama da shekara ɗari ana jan waɗannan sunaye.

Na biyu, tambayi abin da ke hannu: makami, wanda ya gani da idonsa, ko takardar da aka rubuta a ranar. "An ce" ba shaida ba ce.

Na uku, duba ko wanda aka ambata yana raye. An harbe firaministan Suwidin, Olof Palme, a 1986. A 2020 mai gabatar da ƙara ya ambaci wani mutum da ya rasu tun 2000, ba bindiga, ba shari'a, aka rufe fayil. Mamaci ba ya ɗaukar lauya, iyalinsa ke kwana da abin.

Na huɗu, kuma nan na fi tsayawa: shin hukumar da ke magana tana da abin ɓoyewa? Takardar mutuwar shugaban Burkina Faso Thomas Sankara, wanda aka harbe a 1987, cewa ta yi mutuwar Allah da Annabi ce, sai 2022 kotun soja a Wagadugu ta yanke hukunci kan waɗanda ke da hannu a kisansa. Mu ma nan, da aka harbe Shugaba Bare a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999, "mummunan hatsari" aka fara ce mana.

In za ka tura labarin a WhatsApp, rubuta "ana zargin", ka faɗi wanda ya yi zargin da shekarar da ya yi shi.