Kurakuran da ke hana mai mota karɓar diyyar faɗuwar darajarta bayan haɗari

Duk wanda ya kai mota wurin dillalai a Kaduna ya san tambayar farko: fas bodi ce, wato jikinta da fentinta na asali ne, ba a taɓa su ba? Kafin ka ba da amsa, dillali ya riga ya ɗaga bonet yana duba kawunan notocin da suka riƙe fenda ko sufana ta taɓa su. Ya bi tsagar ƙofa da yatsa ya ji ko faɗinta ɗaya ne sama da ƙasa, ya ɗaga safaya a but ya duba ko ƙarfen wurin ya taɓa shan walda. Da zarar ya ga alama farashi ya sauka, komai ƙyallin fentin. Tazarar da ke tsakanin kuɗin mota kafin haɗari da kuɗinta bayan an gama gyara asara ce mai zaman kanta, dabam da kuɗin gyara. Yawancin masu mota kuɗin gyaran kaɗai suke bi, ita kuwa sai ranar sayarwa suke jin zafinta.

Babban kuskure shi ne neman wannan kuɗi a wurin da ba a biyansa. Mai cikakkiyar inshora yakan ɗauka kamfaninsa zai cike masa komai. Alkawarin kamfanin shi ne ya gyara motar, ko ya biya kuɗinta idan ta tashi aiki. Buɗe takardar yarjejeniyar, ka je sashen abubuwan da aka keɓe: galibi za ka tarar an cire faɗuwar daraja, da tsufan kaya, da asarar da ta biyo bayan haɗarin kamar kuɗin hayar wata mota. Faɗuwar daraja a wuyan wanda ya buge ka take, domin ƙa'idar diyya ita ce mai laifi ya mayar da kai yadda kake kafin sakacinsa, gwargwadon abin da kuɗi zai iya. Saboda haka takardarka wurin mai waccan motar da kamfanin inshorarsa za ta nufa. In kuwa kai ne mai laifi, ko kai kaɗai ka faɗa kwalbati, babu wanda za ka bi wannan kuɗin.

A nan akwai iyaka da ya kamata a sani tun farko. Daga 1 ga Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta mayar da kuɗin inshorar ɓangare na uku (wadda ke biyan ɓarnar da mai mota ya yi wa wani) ta motar gida Naira 15,000 a shekara, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya kan dukiyar wani da aka lalata daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Na manyan motocin dakon kaya miliyan 5 ne, Keke miliyan 2, babur miliyan 1. A cikin wannan adadin ne za a cire kuɗin gyara da duk wani abin da ka nema. A ce gyara ya ci miliyan 2 da dubu 400, darajar motar kuma ta faɗi da miliyan 1 da rabi. Ko kamfani ya amince da komai, miliyan 3 zai tsaya, sauran dubu 900 mai motar za ka bi shi da kansa. Wanda bai san wannan ba sai ya yi watanni yana rigima da kamfani a kan kuɗin da ba ya wuyan kamfanin.

Kuskure na biyu a bakin titi ake yinsa, cikin minti goma na farko. An yi karo a gadar Kawo ko a Kwamand Janshin, jama'a sun taru, wani dattijo yana cewa "Alhaji, ka yi haƙuri, ƙaddara ce, tunda ba a yi rauni ba." Direban da ya buge ka yana cewa "Yallaɓai, mu je wurin mai gyarana, ni zan yi komai." Sai a ture motoci gefe, a yi musayar lamba, a watse. Yafiya abu ne mai kyau, kuma haƙƙinka ne ka yafe, amma ka san girman abin da kake yafewa tukuna. Abin da ake gani a titi bamba ce da fitila. Lanƙwasar shasi sai an kwance gaban motar take bayyana.

Kafin a motsa motocin, in ba za su jawo wani haɗarin ba, ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga layin titi da inda kowace mota ta tsaya, sannan ka matso ka ɗauki wurin bugun, da lambobin motocin biyu, da sawun birki, da kilomitar da ke kan dashbod ɗinka. Ka ɗauki hoton lasisin direban da takardar inshorarsa. Ka karɓi lambar wayar shaidu biyu. Sai a kira 'yan sandan sashen kula da haɗarin mota su zana taswirar wurin. Ko jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC) ko na hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Kaduna (KASTLEA) ne suka fara zuwa suka buɗe hanya, kada hakan ya sa ka bar rahoton 'yan sanda, domin shi kamfanonin inshora suka fi tambaya, musamman in ana jayayya kan mai laifi. Kuma kada ka furta "laifina ne" don kawai a zauna lafiya. Yarjejeniyarka da kamfaninka ta hana ka amsa laifi ba da yardarsa ba.

Wani abu da ake raina shi: tantance takardar inshorar. Takardun bogi da ake haɗawa da sauran takardun mota a hannun 'yan na-kama sun yi yawa, har 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshorar ɓangare na uku daga 1 ga Fabrairun 2025. Sa lambar motar a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙungiyar kamfanonin inshora, a shafin askniid.org, tun kuna tsaye a wurin. In ba ta fito ba, da alama babu kamfanin da za ka bi, sai mutumin. To a ofishin 'yan sanda a rubuta adireshinsa da na mai motar in direba ne kawai. Taka motar ma ka duba ta yau, kada ka jira ranar haɗari.

Na uku shi ne gaggawar gyara. Mota ta kwana biyu a gida, sai mai ita ya kai ta wurin fanel bita, a buga, a shafa foti, a fesa fenti, daga baya ya tafi kamfani da rasit. Ya goge shaidarsa da hannunsa. Kamfani sai ya turo mai ƙiyasta asara ya ga motar yadda take kafin ya amince da ko sisi. Sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana ɗaya ko biyu, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka kawo ƙiyasin gyara daga garejin da ke da takarda mai suna da adireshi, sannan ka jira amincewa a rubuce. Lokacin da aka kwance motar ka sake ɗaukar hoto: ƙafar shasi, mariƙin lagireto, jakar iska in ta fashe, ginshiƙin ƙofa. Waɗannan su ne ke karya farashi. Bambar da aka canza ba ta rage wa mota wani abin kirki, amma shasin da aka ja ko jakar iskar da ta fashe suna bin ta har ƙarshen rayuwarta. Tsofaffin kayan da aka cire a ajiye su, rasit kuma ya nuna ko sabo aka saka, ko na Beljiyam, ko wanda aka samo a Fanteka, domin kowanne da tasirinsa a kan darajar.

Sai inda akasarin buƙatu ke mutuwa: faɗin adadi da baki. "Motata ta faɗi da miliyan biyu" ba hujja ba ce a kamfani, a kotu ma irin wannan asarar sai an ambace ta dalla-dalla an kuma tabbatar da ita. Ana buƙatar lamba biyu, kuɗin motar ranar haɗari kafin bugun, da kuɗinta bayan gyara. Ka samu injiniyan mota ko mai ƙiyasi mai rajista ya rubuta rahoto mai ɗauke da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, da shekarar ƙira, da kilomita, da sassan da aka taɓa. In yana da na'urar auna kaurin fenti, ya auna kowane ɓangare. Kaurin wurin da aka shafa foti yakan ninka na fentin asali sau da yawa, kuma lamba ce da ba a musu da ita. Ka haɗa da farashin motoci uku ko huɗu irin taka, shekara ɗaya, kilomita kusa da juna, daga dillalai dabam-dabam, a rubuce da kwanan wata. Kada ka kwatanta motar da ta yi shekara biyar tana bin hanyar Zariya da wadda aka sauke daga jirgin ruwa jiya. Mai ƙiyasin kamfani da wannan zai fara rushe takardarka. Kuma a yi wa kai adalci: tsohuwar motar da ta riga ta sha fenti sau biyu ba ta da wata darajar da za ta sake faɗuwa, kuɗin rahoton ma zai iya fin abin da za a samu.

Masu cikakkiyar inshora suna da nasu ramin. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya tashi, amma mutane da dama suna sabunta inshora a kan tsohon adadi, saboda kuɗin shekara ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na adadin da aka rubuta. Idan mota ta tashi aiki, kamfani ba zai wuce wannan adadin ba. In kuma yarjejeniyar tana da sharaɗin biya daidai da kaso, abin har gyara yake shafa: motar miliyan 12 da aka rubuta miliyan 6, gyaran miliyan 2, sai a ba ka miliyan 1, a kuma cire kason da aka ɗora maka tun farko. Maganin wannan a ranar sabunta inshora ake yinsa. Takaful, wato inshorar Musulunci, ma haka lissafinta yake a wannan fannin. Kuma idan kamfaninka ya biya gyara, haƙƙin bin mai laifi kuɗin gyaran ya koma hannunsa, don haka kada ka je ka yi sulhu ka sallami mutumin ba da saninsa ba.

Takardar sallama ita ce ƙofar ƙarshe. Kafin a saki kuɗi za a kawo maka ita ka sa hannu, kuma yawanci tana cewa ka karɓi wannan a matsayin cikakken biya na ƙarshe kan haɗarin. Ka sa hannu, batun faɗuwar daraja ya rufe. Saboda haka ka saka ta cikin wasiƙar buƙatarka tun farko, layi dabam da kuɗin gyara, da kuɗin janwe, da kuɗin hayar mota na kwanakin da taka ta yi a gareji, kowanne da takardarsa. In kamfani ya yarda da gyara kaɗai, ka nemi a rubuta cewa biyan na gyara ne kawai kafin ka sa hannu.

Idan aka ƙi, nemi dalilin a rubuce. Da wannan wasiƙar za ka kai ƙorafi NAICOM, ko ka ba lauya ya shigar da ƙara a kan direban da mai motar, tunda mai mota yana ɗaukar alhakin sakacin direbansa a bakin aiki. In motar hukuma ce ta buge ka, ga lauya a makon farko, domin dokar kare jami'an gwamnati takan taƙaita wa'adin shigar da ƙara zuwa wata uku.